Tsagen Gwaggo

Shekarar da na sayi babbar kyamara, irin wadda ake cire mata ido a sa wani, sai da na yini a shagon mai sayarwa a Damagaram ina jujjuya ta. Iri biyu ya aje mini, ɗaya mai cin katin ajiya biyu, ɗaya mai cin guda. Ya ce in ɗauki mai biyun, in wani abu ya sami ɗaya, ɗayan yana nan. Ni kuwa na ɗauka wayon ƴan kasuwa ne. Na zaɓi mai guda, na dawo Tanut ina hura hanci.

A garinmu a lokacin, hoto bai cika hoto ba sai an wanke shi a ordinatar, wato kwamfuta. Mata su ce a haskaka su, samari su ce a share musu ƙuraje. Hannuna ya saba har na daina tambaya. Da yake kuma katin ɗaya ne, duk Juma'a nakan kwashe hotunan cikin ordinatar in goge shi tas.

Ranar wani suna a Gangara na ɗauki Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ba ta yarda da hoto, cewa take wa zai kalli tsohuwa. Ran nan dai ta zauna gindin rumbu, ta gyara kallabi, ta ce in yi maza tukunyarta na kan wuta. Sau ɗaya na latsa. Da na koma gida na wanke fuskar kamar ta kowa, na share tsagen da ke kumatunta, na adana a kan na asalin. Har yaba wa kaina na yi.

Kafin a yanke hatsi Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku Baba ya ja ni gefe. Ya ce ɗanta da ke Libiya ya bugo waya yana roƙon hoton uwarsa, shekara da shekaru rabonsa da ita. Na buɗe ordinatar a zaure. Baba ya daɗe yana kallo.

"Wannan ƴar gidan wa ce?"

Na ce Gwaggo ce. Ya ce ƙanwarsa tun tana jaririya take da tsage, in fito masa da na gaskiya.

Na duba ko'ina cikin ordinatar, ban samu ba. Washegari na bi motar farko zuwa Damagaram wurin wani mai dawo da hotunan da aka goge. Ya saka katin, muka zura wa allo ido. Amare suka fito, raƙuman kasuwar Belbeji suka fito, Gwaggo ba ta fito ba. Ya ce na ɗauki hotuna da yawa a kanta. Na bi ta ƙofar shagon da na sayi kyamarar, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da na dawo na zauna na mayar da tsagen da hannuna, layi bayan layi, ina kwaikwayon na fuskar Baba tunda aska ɗaya ce ta gidansu. Na yi su sumul, dama da hagu daidai. Na kai masa ina addu'a a zuci.

Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Na hagu, na ƙasan nan, a karkace yake. Motsi ta yi da wanzami ya sa aska, ina tsaye a wurin."

Na ce ya nuna mini, yanzu zan gyara. Ya ɗora yatsa a kumatunta, ya ja shi wajen kunne, ya tsaya. Ya dawo da shi wajen baki, ya sake tsayawa. Yatsan ya daɗe a nan.

"Na manta ta inda ya karkata," in ji shi.

Ban taɓa jin tsanar hannuna ba kamar ranar. Baba ya janye yatsansa, ya ce in aika wa yaron haka nan.