Abin Nan da Baba Ya Ci a Indiya

Shekarar da aka yi wa Baba aikin gwiwa a Indiya ina aure a Tarauni, gidanmu kuwa yana Gyaɗi-Gyaɗi, adaidaita sahu ɗaya ce take kai ni. Yayana ne ya raka shi. Sun dawo a farkon damina, Baba ya ɗan rame amma yana takawa da ƙafarsa, har masallaci yake zuwa da sanda. Kowa ya yi hamdala. Ni kuma kusan kullum idan an yi la'asar ina gidan, don in taya Inna hidimar masu zuwa dubiya.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa ne muka gane Baba ya dawo da wani kwaɗayi. Inna ta kawo masa shayi da burodi kamar yadda ta saba, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin.

"Hajiya, su can ba haka suke yi ba. Madarar da ganyen shayin tare ake dafa su, da ɗanyar citta, har sai ya yi kauri. Kuma da abin nan ake sha."

"Wane abu, Alhaji?"

"Abin nan dai. Soyayye. Kamar ƙosai, amma ba ƙosai ba ne."

Inna ta dube ni, ta dube shi. "Abin da yake kamar ƙosai ai ƙosai ne."

Ya ce a'a. Ya ce wata tsohuwa ce, uwar mai masaukin da suka zauna kusa da asibiti, take kawo masa da yamma a ɗan faranti. Yana da ƙaras-ƙaras a baki, yana da ƙafafuwa ta ko'ina kamar gizo-gizo, kalarsa ruwan ɗorawa. Sunansa kuwa an faɗa masa ya fi a ƙirga, ya manta.

Shayin bai ba mu wuya ba, kwana biyu Inna ta iya shi. Abin nan ne ya zama aiki. Na tambayi Yaya, ya ce shi bai sani ba, domin da yamma yakan fita neman inda ake sayar da shinkafa da miya irin tamu, bai taɓa zama shan shayin ba. Na buɗe waya na nuna wa Baba hotunan kayan shayin Indiyawa iri-iri. Duk wanda na nuna sai ya ce, "Yauwa, kamar shi ne." In na wuce zuwa na gaba ya ce, "A'a, wannan ya fi kama." Daga baya muka lura ko tabarau bai sa ba.

Na fara da samosa, tunda ita kowa ya sani, duk azumi muna yi. Na zauna na murza fulawa, na naɗe, na cusa nama da albasa, na kai masa da zafinta. Ya cinye tas, ya sa mini albarka, sannan ya ce, "Wannan ma suna yi, sai dai su dankali suke sawa a ciki. Amma ba ita nake nufi ba."

Inna ta ce bari ta nuna mana. Ta surfa wake, ta kai markaɗe, ta buga ƙullu, ta zuba albasa har ta fi waken yawa. Baba ya ci ya yi gyatsa.

"Hajiya, ƙosanki babu na biyunsa a Kano."

"To shi ne?"

"Ba shi ba ne."

Da ya fita magariba Inna ta tashi. Tana kwashe kwanuka tana mita, wai mutum ya yi shekara da shekaru yana cin girkinta bai taɓa kushewa ba, ya je ya yi 'yan makonni a garin mutane ya dawo yana ba ta labarin farantin wata tsohuwa. Na yi dariya har sai da ta jefo mini murfin roba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata malamar makaranta 'yar Filato, muna kiran ta Maman 'yan biyu. Tun ina yarinya muke tare, da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa da cincin, da Sallah mu aika mata da nama. Ita ma ta shiga cikin neman. Ta yanka dankalin turawa fale-fale, ta tsoma a kwaɓin fulawa da ƙwai, ta soya ta kawo. Baba ya tauna a hankali, idonsa a lumshe, ya ce an kusa. Da ta fita Inna ta ce mini a kunne, ita fa ta fara zargin Alhaji ya san abin da yake yi, kullum da yamma mata uku suna soya masa sabon abu, wa zai so a gano?

Maman 'yan biyu ce ta kawo ƙarshen wahalar. Ta ce a makarantar da take koyarwa a Tarauni akwai wata Ba'indiya mai koyar da lissafi, ta daɗe a Kano, mijinta yana aiki a wani kamfanin roba. Ta ba ta labarin Baba, matar ta yi ta dariya, ta ce za ta zo ranar Asabar ta ji da kunnenta.

Inna ta tashi hankalinta da shara da goge-goge kamar za a kawo amarya. Ta ce mini in tsaya kusa, don ita ba ta jin Turanci balle Indiyanci. Bayan azahar sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Wata 'yar gajeruwar dattijuwa ta fito, da furfura a gaban goshi, da jaka a hannu, ta tuɓe takalmi a bakin baranda ta ce, "Salamu alaikum. Ina wuni, Hajiya? Yaya mai jiki?"

Inna ta saki baki. "Au, kina jin Hausa?"

"Hajiya, a Kano na haifi 'ya'yana duka. In ban ji Hausa ba yaya zan yi ciniki a kasuwar Tarauni?"

Baba ya gyara zama ya sake kwatanta abin nan daga farko, har da ƙafafuwan gizo-gizon. Bai kai ƙarshe ba Malama Ba'indiya ta tafa hannu.

"Pakora ne, Baba. Na albasa."

"Fakora! Shi ne wallahi! Sunan nan yana bakina tun ran da na dawo."

Ashe ta riga ta yi zato, ta taho da kayan a jaka. Ta fito da wani gari ruwan ɗorawa, ta ce na wani irin wake ne nasu, ta fito da kurkum da ɗan ganye mai ƙamshi. Muka shiga kicin mu huɗu har da Maman 'yan biyu, da ƙyar muke juyawa. Ta yanka albasa sirara-sirara, ta barbaɗa gishiri, ta murza da hannu har albasar ta fitar da ruwa. Ta zuba garin da attaruhu ta cakuɗa. Inna tana tsaye ta harɗe hannu.

"Ba za ki sa ruwa ba?"

"Ruwan albasar ya isa, Hajiya."

"Ba a bugawa?"

"Ba a bugawa."

Inna ta girgiza kai, alamar ba ta ga abin kirki zai fito ba. Malama ta riƙa ɗiba da yatsu tana saki a mai, kowanne ya baje yadda ya ga dama. Tana cikin tsame kaskon farko hadari ya haɗo, iska ta taso, kafin mu kwashe shanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Malama ta leƙa ta taga ta yi murmushi. Ta ce a garinsu da an ga ruwa ya tsinke, ba sai an yi shawara ba, a ɗora shayi a ɗora mai, kowane gida ƙamshin pakora yake yi.

Muka shimfiɗa tabarma a baranda, ruwa yana dukan rufin kwano. Baba ya ɗauki ɗaya, ya hura, ya ciza, muka ji ƙaras. Duk muka zuba masa ido. Ya kurɓi shayi, ya ɗauki na biyu, ya tauna ya haɗiye.

"Shi ne."

Sai kuma ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce kafin a yi aikin tsoro ya kama shi sosai, yana ganin kamar ba zai dawo gida ba, kuma bai so ya nuna wa Yaya. Da yamma idan Yaya ya fita, tsohuwar nan takan hawo da shayi da faranti ta zauna a bakin ƙofa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ita ta yi ta zuba da Indiyanci tana nuna masa tabon aikin da aka yi mata a gwiwa, tana buga ƙafa a ƙasa don ya ga ta warke, shi kuma ya ba ta labarin Hajiya da jikoki da Hausa. Ya ce har ya taho bai san sunanta ba, Inna kawai yake ce mata, tana amsawa.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki pakora ɗaya, ta jujjuya shi, ta ci.

"Allah ya saka mata da alheri," ta ce. Ta ƙara ɗaya. "Amma gishiri ya yi kaɗan."

Malama ta fashe da dariya, ta ce an kama ta, mijinta hawan jini gare shi, hannunta ya saba. Daga nan hira ta ɓarke. Ta ce ita kuma abin da ya gagare ta a Kano ƙosai ne, tana son sa da koko kamar me, amma duk ran da ta gwada sai ya fito kamar dutse, ko ya sha mai ya kwanta. Ban taɓa ganin fuskar Inna ta washe irin ta lokacin ba. Ta miƙe ta ɗaura zani, ta ce akwai sauran ƙullu na safe a firij. Ta zaunar da malamar lissafi a kujera 'yar tsugunne, ta ba ta kwano da muciya.

"Buga. A'a, gefe ɗaya za ki bi. Kada ki tsaya. Sai ya yi fari ya tashi."

"Hajiya, hannuna zai cire!"

"Ba zai cire ba. Buga."

Maman 'yan biyu tana ta ɗaukar su hoto a waya, Baba yana kiran a ƙaro shayi daga baranda, babu mai sauraronsa. Da aka saki ƙosan farko ya taso saman mai ya kumbura, Malama ta yi ihu kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

Ruwan bai ɗauke ba sai gab da magariba. Layinmu ya cika da ruwa, babu adaidaitar da za ta shigo, sai Yaya ya fito da mota ya kwashe mu ni da Malama, tunda hanyarmu ɗaya. Ta zauna a baya rungume da kwanon ƙosai, Inna ta leƙo ta taga tana jaddada mata kada ta rufe shi da zafi, zai yi gumi. A hanya Malama ta buɗe kwanon ta ce bari ta ɗanɗana ɗaya kawai, ta miƙo mini ɗaya, ta miƙa wa Yaya. Kafin mu kai ƙofar gidanta saura uku, ta ce kada mu damu, za ta gaya wa maigidan haka Hajiya ta bayar.