Malamar Da Ta Koya Mana Saurare

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, babbar ɗiyarki ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, Mama ta cika." Ina tsaye a ƙofar ofis, sai na nemi wuri na zauna.

Malama, a kwalejinmu darasin da kowa ke gudu shi kika ɗauka: horar da ɗalibai yadda za su zaunar da mutanen unguwa su tattauna matsalarsu ba tare da an tashi baram-baram ba. Ranar farko kika sa muka tura tebura jikin bango, muka jera kujeru a da'ira. Kika ce duk mai son mayar da martani sai ya fara maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa, har mai maganar ya yarda an fahimce shi. Mun sha wuya, musamman mu masu saurin baki. A bayan idonki "Saurara Tukuna" muke kiranki. Ashe kin sani, domin ranar da kika makara kin shigo kina cewa, "Ku yi haƙuri, Saurara Tukuna ta tsaya sauraron direba." Ɗalibar da ta zo da goyo kuwa, ke kike karɓar jaririn ki ci gaba da darasi yana kafaɗarki.

A shekararmu ta ƙarshe kika kai mu wata unguwa inda rigima ta yi tsami tsakanin makanikai da iyayen yaran firamaren da ke jikin garejinsu. Baƙin mai na malalowa har ƙofar makaranta, wata yarinya ta zame ta karye a hannu. Iyaye sun kai ƙara a tashi garejin, makanikai sun rantse ba inda za su. Kika ce ni zan jagoranci zaman, kika koma bencin baya kika naɗe hannu.

Ba a jima ba shugaban makanikai ya miƙe yana huci. "Mu ne ƙazamai ko? To ku kore mu, ku ciyar mana da iyali!" Uwar yarinyar ma ta taso masa. Na waiwayo ina neman ki cece ni, kika mayar da idonki kan taga. Na juyo na ce masa, "Baba, idan na ji ka daidai, tsoronka kar a raba ka da abincin 'ya'yanka. Haka ne?" Ya dube ni ya ce, "Haka ne, 'yata." Ya zauna. Na juya ga uwar na yi mata irin wannan. Kafin a tashi, shi da bakinsa ya tambaye ta jikin yarinyar. Makanikai suka haƙa magudana, suka mayar da ƙofar garejin ta baya, iyaye suka janye ƙara. A hanyar komawa kika dafa ni kika ce, "Kin gani? Da na buɗe baki da na ɓata miki aiki."

Yau ɗalibanki suna asibitoci, suna kasuwanni, suna ƙungiyoyin ma'aikata, kuma duk inda magana ta cije su ake nema. Muna alfahari mu ce a hannunki muka koya.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk zuciyar da aka sanyaya ta dalilinki ta zame miki lada mai gudana. Ga Baba mijinki, da 'ya'yanki da jikokinki, muna miƙa ta'aziyyarmu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.