Kwandon Yaya Hajara da Takardar Mai Kwat

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta a Ikara. Duk shekara nakan yi mata addu'a in yi shiru, amma bana abin ya ƙi haɗiyuwa.

Ga wanda bai san ta ba, yayata ce, malamar firamare da ta je Zariya ta koyo aikin duba yaran da magana ke yi wa wuya: mai in'ina, mai jinkirin buɗe baki, mai cinye rabin kalma. Ba ta da ofis. Tabarma gare ta, da tsohon kwando mai ludayi da ƙwarya da zangarniyar dawa a ciki. In aka kawo mata yaro daga Taba ko Malikanchi, uwar take fara tambaya da wane harshe take rarrashinsa. In Fulatanci ne, sai ta miƙa wa uwar kwandon ta ce ita za ta yi tambayoyin, Yaya kuma ta koma gefe ta kasa kunne. Takan ce yaron da ke tuntuɓe a harshe ɗaya lokaci kawai yake buƙata, wanda ke tuntuɓe a duka biyun shi za a zauna a yi wa aiki. Wanzamai sun tsane ta don ta hana su yankan linzamin harshen yara barkatai. Ko a jikinta.

To, ku ji abin da masu ilimin zamani suka yi wa jikata Ummi, 'yar shekara huɗu. Ubanta ɗana ne, Bashir, uwarta Maryama Bafulatana ce. Makarantar da aka sa ta a Makarfi ta gayyato wai ƙwararre, wani saurayi mai kwat da kwamfuta. Ya riƙa nuna mata hotuna yana tambayarta da Turanci: tuffa, jirgin ƙasa, mutum-mutumin ƙanƙara. Don Allah, a ina 'yar Makarfi ta ga mutum-mutumin ƙanƙara? Ni da furfurata ban taɓa gani ba. Yarinya ta zuba masa ido. Kafin shayinsa ya huce ya gama bincike, ya buga takarda har da hatimi: harsuna sun yi mata yawa, a daina yi mata Fulatanci a gida. Bai nemi ganin uwar ba, bai ma tambayi sunanta ba.

Bashir ya karɓi takardar kamar daga sama aka saukar, ya kafa wa matarsa doka. Maryama kuwa Hausarta ta ciniki ce da gaisuwa, ba ta isa rarrashi ko waƙar goyo ba. Sai ta koma yi wa 'yarta wanka shiru, ba ta abinci shiru. Ummi da ke ɗan surutunta ta kulle baki gaba ɗaya. Wata uku ana haka ina kallo, wai kada a ce tsoho yana sa baki a gidan ɗansa. Raina kaina da na yi a kan wannan ya fi raina mai kwat ɗin.

Da Yaya na raye ba za ta ɗaga murya ba. Kifa takardar za ta yi, ta tambaye shi da wane harshe yarinyar ke kiran uwarta in ta farka. Na tabbata sai dai ya gyara wuyan kwat.

Makon jiya na zaro kwandon daga bayan buhuna, na kakkaɓe, na je na shimfiɗa tabarma a tsakar gidansu. Bashir ya fara cewa ai likita ya hana. Na tambaye shi likitan wa, ya sunkuyar da kai. Na juya wajen Maryama.

"Yi mata magana da harshenki, 'yata. Ni na ce."

Ta ɗaga ƙwaryar, ta tambayi Ummi a hankali da Fulatanci abin da ake zubawa a ciki. Ummi ta juya. Ubanta ta fara dubawa, don ashe ita ma ta san dokar. Sannan ta ce, "Kosam," wato nono. Maryama ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban ce ta warke ba. Da magana ta ɓalle, mun ji tana cinye wasu haruffa a Hausa, uwarta ta ce haka take yi a Fulatanci ma. Ke nan akwai aikin yi na gaske, wanda mai hatimi bai gano ba domin bai saurara ba. Yanzu neman wanda zai yarda ya zauna a tabarma muke yi, ko a Zariya ne.

Abin da ya rage mana na Yaya ke nan: kwando da tambayar farko. Ita na iya, na kuma yi. Abin da ake yi bayan tambayar kuwa, shekara talatin tana yi a gabana ban tsaya na koya ba. Allah ya jiƙanki, Yaya.