Likita, Taguwar Nan Ba Ta Yi Ɓari Ba

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina zuba wa raƙuma ruwa a kwami, sai mai shagon maganin dabbobi ya kira ni a waya ya ce likitar raƙuma ta rasu, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Na yi salati, na saki guga, na zauna daɓas a ƙasa. Na Allah ne mu duka, kin dai riga mu amsa kira.

Likita, ba ni na cancanci in rubuta alherinki ba, amma dole in rubuta. Duk mai kiwon raƙuma ya san ki. Ba kya sa hannu a jikin taguwa sai kin ɗumama safar hannunki a ruwan ɗumi, kina yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta daina gurnani. Wanda bai iya karatu ba, kikan zana masa rana da layuka a jikin kwalin magani don ya san sau nawa zai ba da. Ni kuwa Baba kike ce mini, kina rusunawa, ni da na fi kowa ba ki wahala.

Ga abin da ya kawo ni. Ina da jar taguwa da nake ji da ita. Haihuwarta ta ƙarshe ta zo da gardama, na zura hannu na jawo ɗan, ko wanke hannun ban yi ba. Da shekara ta zagayo aka kai ta wajen amale aka yi barbara. Bayan mako biyu, amale na matsowa sai ta ɗaga wutsiya ta murɗe ta sama. Mu a wajenmu magana ta ƙare ke nan, taguwa ta ɗauki ciki. Haka na gani wajen mahaifina, shekara arba'in ban taɓa shakka ba.

Kin zo duba garken, kika lura da ɗan farin ruwa a ƙasan wutsiyarta. Kika duba ta, kika ɗebi ruwan da auduga kika rufe a kwalba. Bayan kwana uku kika kira ni ɗan ɗakin gwajinku na bayan asibitin dabbobi, mai firji ɗaya da tagar da ba ta rufuwa. Kika nuna mini wani ƙaramin faranti da ɗige-ɗige suka tsiro a kai kamar fumfuna a kan burodi.

"Baba, babu ɗa a cikin nan," kika ce. "Ƙwayoyin cuta ne suka shiga mahaifar tun waccan haihuwar, mugunya ta taru. Jikinta ya ɗauka ciki ne, shi ya sa take ɗaga wutsiya. In ka yarda mu wanke mahaifar yanzu, a yi mata allura, za ta sake haihuwa in sha Allah."

Na ƙi. Kai, da ma a nan na tsaya! Ranar kasuwar dabbobi, a tsakiyar mutane, na ce wata yarinya da ta koyi raƙumi a takarda tana son ta wanke mini ɗa ta zubar. Aka yi ta shewa, ni kuma kaina na ƙara kumbura. Na san garke uku da suka hana ki taɓa dabbobinsu saboda maganata.

Wata goma sha uku ya cika, shiru. Na sha huɗu ya shiga, taguwa tana ramewa, tana wari. Na kira ki a ɓoye, na ce ki biyo ta ƙofar baya. Kika zo. Na jira ki ce ai kin faɗa mini, har na shirya amsa. Abin da kika ce kawai shi ne, "Baba, riƙe mini igiyar." Sau uku kina zuwa wankin. Taguwa ta rayu, amma mahaifar ta riga ta lalace, ba ta ƙara haihuwa ba.

Da mutane suka tambaye ni ina ɗan, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ce ta yi ɓari a daji, kuraye sun cinye. Su da kansu suka ƙarasa zancen, suka ce ai hannun da likita ta sa ne. Na ji da kunnena, na bar zancen ya yaɗu. Na san kin ji ke ma, domin bayan haka mun haɗu a shagon magani, na kasa haɗa ido da ke, kika gaishe ni kika tambayi ko taguwa tana cin abinci. Shekara biyu ina cewa gobe zan je in ba ki haƙuri.

Ranar Alhamis na je zaman makoki. Wani makiyayi da ke kusa da ni ya ce, "Allah Ya jiƙanta, ta iya aiki, in ban da ɓarin da ta jawo wa taguwar Baba." Mijinki yana zaune, babbar 'yarki da ke karatun irin aikinki tana kawo ruwa. Na ga ta sunkuyar da kai. Nan ma na bar ƙaryar ta wuce. Tsoho da furfurata, na tashi na sulale kamar ɓarawo. Wallahi ban taɓa raina kaina irin na ranar ba.

Allah Ya gafarta miki, Likita, Ya yalwata kabarinki, Ya sa haƙurin da kika yi da mu ya bi ki, Ya saka miki da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki da mijinki da 'ya'yanki da abokan aikinki, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Ina roƙon ku yafe mini, tunda wajenta na makara.

Ke kuma 'yata, 'yar Likita, ɗago kanki. Taguwar nan ba ta yi ɓari ba, ba ta ma taɓa ɗaukar cikin ba. Mahaifiyarki ba ta yi kuskure ba, ni na yi ƙarya, kuma ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya a gaban mutane in faɗa da bakina.