Ƙunshin da Na Ajiye a Ƙofar Zaure

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a Tozai ta wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ko dubansa in da mutane. Kunya ake ce wa abin. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta raine ni. In Inna na son aikena, sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan randa ba ruwa." Ni kuwa ina tsaye gabanta.

Da na gama elemantare a Isa, aka zaɓe ni za ni Midil a Sakkwato, makarantar kwana. Hedimasta ya ba ni takardar kayan da za a zo da su: riga biyu, wando biyu, hula, tabarma, buta, kwano. Ya ja mini kunne cewa Baturen makaranta na buɗe akwatin kowa, abin da babu a takarda kuwa zubarwa ake yi. Na riƙe takardar nan kamar aya.

Baba ya sayo akwatin ƙarfe wurin fataken da ke ƙetarowa daga ƙasar Faransi. Kwana uku muna shiri a ɗakin Gwaggo. Ta ninke, in warware, ta sake ninkewa. Ta cusa laya cikin hula, na fitar. Ta sa ƙullin yaji, na fitar.

"Kai wane irin yaro na?" in ji ta. "Tun ba ka tahi ba ka zama Nasara."

Matan unguwa suna ta shigowa yi mana jaje, sai ka ce mutuwa aka yi. Inna kaɗai ba ta leƙo ba. Ina jin dakanta a tsakar gida, ina ninke wando ina jin haushi. Abu ɗaya nake so, ta ce mini sauka lafiya da bakinta. Na san al'ada, amma ai wata tara za ni yi ban ga gida ba. Na yi ta wucewa ta gefen turminta ba dalili, ita ko ba ta ɗaga kai.

Da safen tafiya aka ɗaure akwati bisa jaki, za mu Isa mu tari motar gyaɗa. Mutane sun cika ƙofar gida. Sai ga Inna ta fito har bakin zaure, lulluɓe, riƙe da ƙunshi. Na ce a raina yau dai za ta yi magana. Ta miƙa wa Gwaggo ƙunshin, idonta a ƙasa.

"Ki ba wancan," ta ce. "Dakuwa ta."

Wancan. Har ranar. Zuciya ta ɗebe ni, don ni tun ina ƙarami ba ni da haƙuri. Na karɓa daga hannun Gwaggo, na ajiye a ƙasa gaban jama'a.

"Ki ce mata babu shi cikin takarda," na ce.

Inna ta duƙa, ta ɗauki ƙunshinta, ta kakkaɓe shi da bakin zane, ta koma ciki. Sai a hanya Gwaggo, wadda ta raka mu har bakin rafi, ta gaya mini dakan da na kwana uku ina ji, na dakuwar nan ne.

A Sakkwato ba wanda ya buɗe akwatina. Yaron da gadonsa ke kusa da nawa ya zo da kilishi da ƙuli-ƙuli, ya yi sati yana ci yana sam mini. Na yi shirin abin da za ni faɗa mata in na koma, ko da ta bakin ƙanwata ne.

Inna ta rasu wajen haihuwa cikin damina, saura wata biyu a ba mu hutu. Saƙon ya yi kwana goma a hanya kafin ya iso ni.