Yaya Mamman da Lissafin Ƙwan Lantarki

Duk wanda ya san yayana Mamman mai wayarin na Gusau ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya gama kallon silin. Kana "sannu da zuwa", shi yana ƙirga ƙwayayen lantarki, yana haɗa wutar da kowanne ke ci, yana harara wayar da ta ɗauko su. In lissafin ya fi ƙarfin wayar, to gaisuwa ta ƙare, sai faɗa.

"Waya ba jaki ba ce da za ku yi ta labta mata kaya," haka yake cewa, jijiyar wuyansa a miƙe.

Har yau in na tuna sunan 'yata ta fari a Tsafe, raina sai ya ɓaci. Maigidana ya aro ƙwayaye da fankoki, aka jona su duka a layin fitilun ɗaki. Yaya ya iso, ya taɓa wayar ya ji zafi, ya tambayi wanda ya yi aikin. Sai ya zare fis ɗin gidan, wuta ta ɗauke, ya jefa shi aljihu, ya nufi tasha. Na bi shi har ƙofa ina cewa ya dubi baƙina.

"Na dube su," in ji shi. "Shi ya sa zan tafi da fis ɗin."

Mata suka wuni suna fifita da faifai. Ban sake yi masa magana ba sai da Sallah, kuma ko a lokacin shi yake jiran in ba shi haƙuri.

A Bungudu kuwa ta'aziyya muka je. Ana shafa fatiha ya matsa kusa da ɗan mamacin, ya ce Allah ya jiƙan Baba, su kuma su cire dutsen guga daga layin fitila in ba so suke su bi shi ba. Kunya ta hana ni cin abincin gidan.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai matarsa ce, Hajara. Shekara da shekaru tana roƙon ƙwan lantarki ɗaya a madafa, yana cewa layin ya cika, ba zai karya ƙa'ida a gidansa ba. Mutumin da ya haska gidajen rabin unguwa, matarsa na tuƙa tuwo da tocila a baki! Na zage shi a kan wannan, ya zage ni.

Bayan rasuwarsa Hajara ta ja hannuna zuwa madafar. Ashe cikin ciwon da ya yi ajalinsa ya lallaɓa ya ja sabon layi tun daga mita, ya kafa makunni daidai tsayinta, ƙwan kawai bai kai ga ɗaurawa ba. Na ce bari in aika a sayo. Ta ce in bar shi haka tukuna.

Allah ya jiƙanka Yaya, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka.