Ƙafar da Na Daina Yarda da Ita

Shekarun baya, a daminar da taki ya gagari talaka, garmar shanu ta fizge ni a gonarmu ta wajen Kunci, gwiwata ta dama ta murɗe. A asibitin birni aka ce jijiya ce ta tsinke, aka yi min aiki aka sa wata a madadinta.

Ciwo ya warke, na ajiye sanda. Sai wata matsalar ta ɓullo: in ban kalli ƙafar ba, ban san inda take ba. Ina jin na miƙe ta, in duba in gan ta a lanƙwashe. In zan tsallake kunya sai na zuba mata ido kamar mai gadin ɓarawo.

Wani abokina ya zo dubiya, ya rage murya ya ce, "Ka tabbata jijiyarka ce? Na ji ana ɗebo ta gawa."

Daga ranar ko shafa gwiwar ba na son yi. Mahaifiyata kuma maƙwabcinmu na gona ta sa wa ido, wai tambayarsa ta "ya ƙafar?" ta yi yawa. Ni dai likitocin na zarga. Na ce kuskure suka yi, suka ɗinke, suka yi shiru.

Na koma asibiti da shirin rigima. Wata ma'aikaciya mai gashin ƙashi ta zaunar da ni, ta ce in rufe ido. Ta lanƙwasa gwiwar hagu ta ce, "Malam, kawo ta dama daidai da wannan."

Na kawo, har da cewa, "Ga shi nan." Da na buɗe ido, tazarar da ke tsakaninsu akuya za ta wuce.

Ta ce, "Daga cinyarka aka ciro jijiyar. Tsohuwar da ta tsinke ce ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin gwiwa, yanzu sai jiki ya sake koyo." Ta ce in riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya a kan matashi, ido a rufe.

A raina na ce dabarar korata ce. Amma noma ya tsaya, rumbu ya kusa ƙasa, sai na gwada. Mahaifiyata ta tarar da ni a tsakar gida ina tangaɗi kamar zalɓe, ta yi salati ta tafi neman rubutu. Na sha rubutun, na kuma ci gaba da tsayuwar.

Da kaka ta zagayo na ɗauki damin gero a ka, yadda ba halin kallon ƙasa. Sai da na sauke shi a bakin rumbu na lura ban nemi ƙafar ba ko sau ɗaya. Na zauna a kan damin na yi ta hamdala.

Abin da ke ba ni dariya yanzu, duk wanda ya taimake ni sai da na zarge shi, amma wanda ya kawo min zancen gawa ko "wa ya faɗa maka?" ban ce masa ba.